Wa Ya Zauna a Kujerar Jemage?

Tane ce ta fara ganin gawar. Ta hau tudu da hantsi ɗauke da ƙunshin shinkafar yayanta Kihachi, kamar yadda take yi kullum, sai ta tarar da shi kife a bakin ƙofar sito, kansa a tsage daga goshi har ƙeya. Ihun da ta kurma ya gangara har gonakin ƙasa. Masu bugun shinkafa suka watsar da aiki suka hauro a guje. Nan da nan mutanen ƙauyen Ushirodani suka cika bakin ƙofar, suna tattake jini da sawu da duk abin da mai hankali zai so ya gani.

Can cikin sito kuwa jirgin saman nan da ake kira Jemage na tsaye abinsa. Shekara arba'in ke nan da Kihachi kafinta ya ƙera shi da hannunsa, tun jirgin sama bai wuce labari ba a wajen yawancin mutane. Haƙarƙarinsa gora ne, fatarsa silikin ƙauyen, fuka-fukansa masu yatsu irin na jemage. Injinsa daga Faransa aka kawo shi, mai kai bakwai, wanda ke juyawa ɗungurungum tare da farfela. Sau uku ya taɓa tashi. Da aka ci ƙasar da yaƙi, aka ba da umarni a ƙone duk wani abu mai fiffike, sai ƙauyen ya binne shi cikin bambaron shinkafa shekara bakwai, ba wanda ya yi ko tari. Yanzu an ɗage dokar, Kihachi ya rantse Jemage zai tashi ranar bikin kaka. Saura kwana tara.

Tomezo maharbi ya iso a makare. Shi ne mai bin sawu na ƙauyen, ya tsufa yana bin beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, a waɗannan duwatsu. Da ya matso sai mutane suka dare masa, kowa na kau da ido.

Gunji, shugaban barorin gidan Maigida Chubei, shi ya tare shi. "Tsoho, ina ɗanka?"

"Me ya haɗa ɗana da wannan?"

"Mutum uku sun gan shi ya faɗa daji da gudu, rigarsa jage-jage da jini. Ko su ma giya suka sha irin tasa?"

Wata mata ta ce ai kowa ya ji Sakuji, ɗan Tomezon, da kunnensa. Mako uku da suka wuce ya tsallake igiyar da Kihachi ya kewaye jirgin da ita, da takalmin soja a ƙafarsa, Kihachi ya rafka masa guduma a kafaɗa. Shi kuma ya rantse a gaban jama'a sai ya ga bayan tsohon da jirginsa.

Maigida Chubei ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Gidansu ke riƙe da ƙauyen tun kaka da kakanni, kuma shi mutum ne mai magana a hankali. Ya ce guguwar shekaranjiya ta tafi da gada, 'yan sanda ba za su iso ba sai nan da kwana uku.

"Tomezo, ba mai iya nemo shi sai kai. Ka kawo shi, a ajiye shi a bargata. Amana ce a hannuna, ba mai taɓa shi."

Tomezo ya dubi gawar, ya dubi dutse. Ya ce, "To, ranka ya daɗe."

* * *

Sawun Sakuji ba ya ɓuya. Sanyin sansanin fursunoni na Siberiya ya cinye masa yatsu uku na ƙafar hagu, don haka yana taka gefenta ne. Rana ɗaya suka tafi yaƙi, shi da Akimasa, ɗan Maigida Chubei tilo. Akimasa ya zama matuƙin jirgin sama, ya tashi wata rana bai dawo ba. Sakuji ya dawo bayan shekara huɗu a tsare, ba ya magana, ba ya barci, ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Tomezo bai san yadda zai yi da shi ba, saboda haka ya daina yi.

A bakin rafi sawun ya ɓace. Sakuji ya shiga ruwa ya bi sama, dabarar da ubansa ya koya masa tun yana ƙarami. Tomezo ya tsaya yana kallon ruwan. Shi ya koya masa, shi kuma zai warware. Ya bi gaɓa yana duban duwatsu, har ya ga ɗaya da gansakukar kansa ta goge ta gefen hagu.

Ya same shi da la'asar a tsohuwar bukkar masu ƙona gawayi, a takure a lungu, gatari a hannu.

"Ajiye wannan."

"Baba, ka koma. Ba za a sake kulle ni ba."

"Na ce ka ajiye!"

Sakuji ya yunƙura ya nufi ƙofa. Tomezo ya sa masa gindin mashi a ƙwauri, ya zube. Suka kama kokawa cikin toka, ɗa ya shaƙe uba har idonsa ya firfito, uba ya kai masa goshi a hanci, jini ya ɓalle. Tsohon da ya saba danne beyar mai rauni bai sha wuya sosai ba. Ya murɗe hannun ɗansa ta baya, ya ɗaure shi da igiyar da yake ɗaure nama.

Sakuji na haki ya ce, "A mace na same shi. Na je ba shi haƙuri ne. Na ɗaga shi in ga ko da sauran numfashi."

"Mai ba da haƙuri ba ya gudu. Ka faɗa wa 'yan sanda."

A haka suka sauko. Tomezo da hannunsa ya miƙa wa Gunji bakin igiyar.

* * *

Washegari da safe Tomezo ya kai wa ɗansa shinkafa barga. Abin da ya tarar ya sa ƙunshin ya suɓuce daga hannunsa. An rataye Sakuji a jikin turken doki, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Yatsun hannunsa na dama an karya su ɗaya bayan ɗaya, sun koma kamar saiwar citta.

Gunji na zaune kan buhu yana sakace. "Gardama ya yi mana. Mu kuwa ba mu da haƙurinka."

"Maigida ya ce ba mai taɓa shi."

"Maigida ya ce, jama'a ma sun ce. 'Yan sanda na nesa, tsoho, kwazazzabo kuwa ga shi nan bayan gari. In rana ta karkata za mu raka shi. Mahaukaci ne, ya kwance ya gudu ya faɗa. Wa zai musa?"

Tomezo ya ji hannunsa ya tafi ƙugu wajen wuƙa da kansa. Barori huɗu ne a bargar. Zai iya kashe biyu, sauran su kashe shi, sannan a jefa Sakuji duk da haka. Ya janye hannun, ya matsa kusa da ɗansa don ya share masa fuska, sai idonsa ya tsaya kan rigar.

Jinin Kihachi ya bushe a ƙirji da hannun riga, shafe-shafe, irin na wanda ya rungumi nama ya ɗaga. Tomezo ya fasa kan dabba fiye da yadda zai iya tunawa. Wanda ya kai sara, jini kan yi masa tsartuwa ne, ƙananan ɗigo a kafaɗa da wuya da gashi. Ya duba kafaɗa, ya duba wuya. Babu ko ɗaya.

Kunya ta rufe shi. Jiya ya yi tafiyar sa'a uku a bayan wannan riga bai dube ta ba, don ya riga ya yanke hukunci tun a gindin tudu.

* * *

Tane na zaune gaban gawar yayanta, turare na ci. Tsohuwa ce mai baki, ko mutuwa ba ta rage mata shi ba.

"Ka zo ka ga aikin ɗanka?"

"Na zo in tambaye ki abin da kika ji jiya, Iya."

"Yanzu ka tuna da tambaya? Na ji ƙara sau biyu, fam, fam, bayan rana ta fito. Na ɗauka ku ne marasa aikin yi kuke harbin zomo."

Bindigar gidan Tomezo ɗaya ce, tana rataye, ba a harba ta ba tun bazara. Ya ce, "Wa ke da ƙullin Kihachi, ban da Sakuji?"

"Ka ce wa ba shi da shi! Mutumin da ya zagi mai kula da ɗakin ibada a gaban mabiyansa? Ko hakimin gunduma da ya zo, daga tsaye ya gaishe shi. Amma in kana neman na kwanan nan, ga wancan ɗan birnin mai tabarau da karyewar gada ta tsare a masauki. Shekaranjiya yayana ya jefa masa takalma cikin kwata."

Ɗan birnin sunansa Uehara, ya zo daga Tokyo, malamin makaranta ne mai yawon neman tsoffin jirage. Tomezo ya same shi yana shanya takalman fatarsa. Bai yi sallama ba. Ya shaƙo wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango.

"Ina kake jiya da safe?"

"A nan, a nan! Tambayi mai masauki, gudawa nake yi tun asuba! Baba, sake ni, ni hoto kawai na roƙa. Ka san abin da kuke da shi kuwa? Ban taɓa jin an ce akwai irinsa da ya rage ba, a ko'ina!"

Mai masauki ta leƙo ta ce gaskiya ne, mutumin nan ya hana kowa shiga bayan gida. Tomezo ya dubi hannuwan Uehara, laushi kamar na jariri. Wannan ko kaza ba zai iya yankawa ba. Ya sake shi.

"Injin nan, in an tashe shi, yaya ƙararsa?"

Uehara ya gyara tabarau. "Tsohon inji irin wannan yakan yi tari tukuna, sau ɗaya ko biyu, kamar harbi. Amma mutum ɗaya ba ya tada shi. Ɗaya na kujera, hannunsa kusa da makunni. Ɗaya na gaba yana juya farfela a hankali don inji ya sha mai, kansa dab da ita. Sai na gaba ya gyara tsayuwa ya yi kira, sannan na kujera ya kunna."

"In ya kunna kafin kiran fa?"

Uehara ya ce, "Ai sai farfela ta fasa masa kai."

* * *

Ba kowa a sito. Tomezo ya tsaya bakin ƙofa har idonsa ya saba da duhun ciki. Gaban jirgin an share ƙasa, amma sharar wanda bai taɓa riƙe tsintsiya ba, an tura ƙura nan, an tura can, har layin da aka ja gawa zuwa ƙofa bai gama ɓacewa ba. Ya ɗaga kai. A jikin azara akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe, sun jeru a layi. Ya zare rigar zanen da Kihachi ke sa wa farfela. An goge katakon, amma a bakinsa akwai tsaga sabuwa, da farin gashi uku maƙale a ciki.

To, wani ya zauna a kujera. Amma wa? Kihachi ba ya barin kowa ya tsallake igiyarsa. A wurinsa cikin igiyar nan ɗaki ne, mai shiga sai ya tuɓe takalmi a gindin wani ɗan dakalin katako da ke ƙarƙashin fiffike, shi kansa ƙafa tsirara yake yawo a ciki. Masu tattake-tattaken jiya ma, da duk haukansu, ba su tsallaka ba.

Tomezo ya tuɓe nasa, ya shiga da rarrafe. Ƙasar wurin ta sha man zurman da injin ke tofarwa shekara da shekaru, ta yi baƙi ta yi laushi, ko ƙwaro ya bi sai ya bar sawu. A gindin dakali ya ga sawun takalmin katako, mai haƙora biyu. Sun shigo sun tsaya suna fuskantar jirgi, mai su ya zare ƙafa ya hau. Takalmin katako kuwa rabin mazan ƙauyen suna da shi.

Sai ya ga na biyun. Takalman nan dai, amma yanzu suna fuskantar ƙofa, a jere kai da kai, ba ɗan karkata. Mai saukowa daga jirgi da gawa a gabansa ba shi da wannan natsuwar. Wani ne ya ɗaga su ya juya su. A gefensu akwai lotsawar gwiwoyi biyu, da tafin hannu ɗaya da aka dafa ƙasa da shi. Tafin mai yatsa uku ne. Farfela ta cinye wa Kihachi biyu tun yana saurayi.

Tomezo ya zauna daɓas. Yana nan zaune sai ya ji hayaniya daga ƙasa.

* * *

Ba su ma jira rana ta karkata ba. Maza kusan ashirin ne, da sanduna da lauje, Gunji na gaba yana jan Sakuji da igiya a ƙasa. Maigida Chubei na tafe a baya, fuskarsa cike da alhini. Hanyar kwazazzabo ta gaban sito ta bi. Tomezo ya tsaya tsakiyarta, mashi a hannu.

"Kauce, tsoho."

"Ku shiga sito ku ga wani abu. In kun gani kuna nan kan bakanku, ni da kaina zan tura shi."

"Ubanka ne zai tura shi!" Gunji ya kawo sanda. Tomezo ya goce, ya sauke masa gindin mashi a wuyan hannu, ƙashi ya ce ƙas. Kafin ihun ya fito ya ƙara masa a baki, haƙora biyu suka faɗo cikin turɓaya. Wani ya rafko Tomezo da lauje ta baya, ya tsaga masa kafaɗa. Tsohon ya juya, ya ɗora tsinin mashi a maƙogwaron mutumin, jini na bin hannunsa.

"Na rantse da dutsen nan, wanda ya ƙara taku ɗaya sai na feɗe shi. Ku shiga!"

Tane ce ta raba gardamar. Ta hauro da sandarta, Uehara na biye da ita. "Yayana aka kashe, ba naku ba. Ni zan gani." Ta shige, sauran suka bi ta a sanyaye.

Tomezo ya nuna musu jinin azara, ya nuna gashin da ke jikin farfela. Ya sa Uehara ya maimaita yadda ake tada injin. Aka fara gunaguni.

Maigida Chubei ya ce a hankali, "Ashe Sakuji ne ya zauna a kujera."

"Sakuji, ranka ya daɗe? Wanda Kihachi ke kira kare?" Ya kira su bakin igiya, ya nuna da tsinin mashi. "Ga inda baƙo ya tuɓe takalmi ya hau. Ga gwiwar Kihachi, ga hannunsa. Ya durƙusa ya juya wa baƙonsa takalmi su fuskanci ƙofa, don in ya sauko ya zura ƙafa kawai. Mai shara ya share gaba, bai share nan ba. Ba mantuwa ya yi ba. Tun yana yaro ake juya masa takalmi, bai taɓa lura ana yi ba." Ya juya wajen tsohuwar. "Iya, a duk kwarin nan, wa Kihachi ke durƙusa wa?"

Ba wanda bai san amsar ba. Uban Chubei ne ya sayo injin nan lokacin da kowa ke kiran Kihachi mahaukaci, tun daga ranar kuma gida ɗaya tak Kihachi ke sunkuyar wa da kai. Maza ashirin suka ƙura wa ƙasa ido, kowa na fatan wani ya riga shi magana.

Tane ta matsa har gaban Maigida. "Ya durƙusa maka, Chubei? Da wannan tsohuwar gwiwar tasa?"

Ko "Maigida" ba ta sa ba. Chubei ya dube ta, ya dubi jirgin, sai fuskar alhinin nan ta zube.

"Ya durƙusa," in ji shi. "Har da murna. Na ce masa ina so in zauna inda Akimasa ke zama. Shi da bakinsa ya nuna mini makunnin, ya ce kada in taɓa sai ya yi kira." Muryarsa ta fara hawa. "Ɗana yana shekara bakwai tsohon nan ya ɗora shi a kujerar can! Ya cika masa kai da sama, ya hana shi ganin ƙasa. Ko ƙashinsa ba a kawo mini ba, akwati aka kawo, da takarda a ciki! Yanzu kuma zai fito da wannan tsinannen abu ranar biki, a buga ganga, 'ya'yanku su yi ta ɗaga kai?"

"Sakuji fa?" in ji Tomezo. "Me ya yi maka?"

"Rana ɗaya suka tafi. Me ya sa naka ya dawo?"

Ya fizge lauje daga hannun na kusa da shi, ya tsallake igiya da takalmansa, ya kai wa fiffike sara. Siliki ya yage, gora ta tsage. Ya ƙara, ya ƙara, yana ruri. Uehara ya yi kansa yana kuka, ya sha gindin lauje a fuska, tabarau ya tarwatse. Sai a lokacin mazan ƙauyen suka tuna suna da hannuwa. Waɗanda suka kwana suna karya yatsun wanda bai yi komai ba, su ne suka danne ubangidansu a ƙasa, wasu har suna ba shi haƙuri suna ɗaure shi. Tir da irin wannan jarumta.

* * *

Tomezo bai tsaya kallo ba. Ya fita waje inda aka yar da Sakuji a kan hanya. Ya yanke igiyar, wadda tasa ce, ya tallafo kansa ya ba shi ruwa. Sakuji ya sha kaɗan, ya tofar da jini.

"An gama, ɗana. Kowa ya ji. Ba kai ba ne."

"Ni ai na sani."

Tomezo ya juya masa baya ya tsuguna. "Hau, in kai ka gida."

Sakuji bai motsa ba. Ya buɗe idon nan ɗaya da ya rage masa, ya tsura wa ubansa.

"Baba, jiya da kake bin sawuna, a ranka ka ɗauka ni na kashe shi?"

Ƙarya ɗaya za ta wadatar. Zai iya cewa ya bi shi ne don kada wasu su riga shi, kuma da ma ɗan nasa so yake ya ji haka. Amma Tomezo bai taɓa faɗin abin da sawu bai nuna ba, kuma nasa sawun a fili yake.

"Na ɗauka."

Sakuji ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa abin da ya daɗe da sani. Ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa. Tomezo ya kai hannu zai riƙe shi.

"Bari. Zan iya."

Ya kama gangara yana jan ƙafa, karyayyen hannun a rungume a ƙirji. A mararraba bai bi hanyar gidansu ba, ya bi ta bakin kogi, inda masu gyaran gada suka kafa bukkoki. Tomezo na tsugune a inda yake, jini na ɗiga daga kafaɗarsa. Ya buɗe baki zai kira sunansa, ya rasa abin da zai ce in ya juyo.